Wasiƙar Amincewa

Wata shida ke nan wani malami yana koya wa budurwar ƙanensa Turanci, don in an ɗaura aure ta bi mijinta ƙasar waje. Ran darasin ƙarshe ta ajiye masa wasiƙar da ta rubuta wa ƙanen, cewa ta amince ta aure shi.

"Yaya, duba min. In ka ga kuskure ko ɗaya, ba zan aika ba."

Ta kafe shi da ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya karanta sau biyu. Kurakurai har bakwai, duk a wuraren da ta fi gwanancewa. Ya gane da gangan ta yi su. Amma shi ya riƙe ƙanen nan tun rasuwar mahaifinsu.

Ya rufe jan bironsa. "Babu kuskure, ƙanwata."

"Haka ka gani, Malam?"

"Haka na gani," in ji shi, idonsa a kan allo.