Inda Bulon Ya Zauna

Bulon na hannun birkilan lokacin da mijin ƙanwarsa ya sake yin dariyar nan.

Tun hutun azahar suke musu a wurin ginin da ke unguwar Badi'a: ina Annabi Sulaimanu ya gina haikalin Yahudawa? Tarin yashi shi ne dutsen Ƙudus da masallaci ke samansa, famfo shi ne maɓuɓɓugar ruwa, bulo ɗaya shi ne haikalin. Birkilan ya ajiye shi gindin famfo, ya ce masu yanka dubban raguna ba sa nisa da ruwa. Surukin, wanda ya taɓa zama makarantar mishan a Maradi, ya haye yashin ya tsuguna.

"Yaya, littafinsu ya ce a masussuka aka gina shi. Kai da ka tashi a gona, wa ka taɓa gani yana sheƙar gero a kwari?"

"Wato masallacin Ƙudus a kan filinsu yake? Ka miƙa musu ke nan!"

"Ni na rubuta? Miƙo bulon nan sama, malam."

Birkilan ya ɗauko bulon, surukin na dariya, ya miƙa masa da dukkan ƙarfin damtsensa. Ƙarar ta yi kamar an fasa tulu. Surukin ya mirgino ƙasa, ƙafarsa na harbin iska, leburori suka watse suna ihun a kira shurɗa, wato 'yan sanda.

Birkilan ya durƙusa yana toshe ramin kan da tafinsa, yana tunanin abin da zai faɗa wa ƙanwarsa. Da ya ɗaga ido, ga bulon zaune daram a ƙololuwar yashi, jini na gangarowa daga gare shi zuwa famfo.