Ƙwan da Ya Daina Zuwa

Tunda ka ce gaisuwar waya ta wadatar, zauna ka ji misali, kuma kada ka katse ni.

An yi wata mata, malamar jami'a, aikinta leƙa ƙwan kaza. Takan huda 'yar taga a jikin ɓawon, ta kafa madubin da ke ƙara girman abu, ta kalli ɗan tayin yana haɗuwa a kan gwaiduwa, abin bai kai yankan farce ba. Abin da take nema shi ne yadda ƙwaƙwalwa da hanji ke somawa. Ƙwan kuwa daga ƙauyensu yake zuwa. Yayarta, wadda ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ke tara shi, ta jera a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ta ba direban motar kasuwa. Malama takan karɓa a tasha, ta buga waya ta ce an gode, a gaida yara. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, an yi suna an yi biki a gidan, ƙafarta ba ta taka garin ba. Ba ƙiyayya ba ce. Aiki ne, in ji ta, kuma ai suna gaisawa.

Wata rana ta ɗiga launi a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke gefen inda ƙwaƙwalwa da laka ke tsirowa, daidai wuyan ɗan tayin, ta liƙe tagar ta mayar da ƙwan cikin ɗumi. Da ta sake buɗewa, launin ya bar inda ta sa shi. Ta bi sawunsa, sai ga shi can cikin hanji. Ashe ƙwayoyin nan tashi suke yi daga unguwar kai, su yi ta rarrafe kamar ayarin tururuwa har su shiga hanji, su bi tsawonsa, su zama jijiyoyin da ke umartarsa ya tura abinci. Ta taɓa karanta haka a takarda, amma gani ya kori ji. Ta tashi ta taka rawa ita kaɗai a ɗakin bincike, da hantsaki a hannu. Sannan ta gwada cire ƙwayoyin tun kafin su kama hanya. Hanji ya fito da siffarsa, kai ma ya fito, amma hanjin babu jijiyoyinsa, ga shi nan kamar gidan da aka gina ba a tare ba.

Mai bincike ba ya yarda da gani ɗaya, sai ya maimaita. Ta je tasha karɓar ƙwai, direba ya buɗe mata tafin hannu. Mako ya zagayo, haka. Ta ce ba komai, ƙwai ai ƙwai ne, ta sayi kiret guda na gidan gona a bakin titi, ta jera a ɗumi, ta jira. Da ta buɗe, gwaiduwa ce zalla tana kallonta. 'Yar ƙauye guda, wadda ta tashi tana korar kaji daga shanya, ta manta cewa kajin gidan gona ba su san zakara ba! Ta yi wa kanta dariya har da hawaye, ta soya abin da ya soyu. Ta buga wa yayarta, aka ce ta shiga maƙwabta. Ta sake bugawa, aka ce tana salla. Da ta koma tasha, sai direban ne ya isar da saƙon yayar, yana sosa ƙeya: "Hajiya ta ce ƙwai ba shi da ƙafa, amma shi ke ta zuwa. Ta ce mai ƙafa biyu fa?"

Maganar ta zauna mata. Ta ga ba ƙwai kaɗai ke shirin yankewa ba, ƙwai ana samunsa ko'ina akwai zakara. Ta tuna hanjin nan da ta hana wa baƙi, komai nasa daidai, sai dai ba wanda ya zo. Ba ta koma ofis ba, motar da ta kawo saƙon ita ta shiga.

Ta tarar da yayar tana watsa wa kaji dawa. Yayar ta dube ta sama da ƙasa, ta tambayi yaran gidan ko sun san wannan baƙuwa, ko ma'aikaciyar rigakafi ce. Malama ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya, na yi laifi." Fushin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Aka rungume juna, maƙwabta suka cika tsakar gida, aka kama fitar da tabarmi. Yayar ta ce ba za ta yanka mata kaza ba, tunda duk ma'aikatan malama ne, sai dai zabo. Suna ci malama tana zana mata tafiyar ƙwayoyin nan da yatsa a ƙasa, daga wuya har hanji, yayar tana dariya tana cewa to su dai an yi musu tarbiyya. Da za ta koma, malama da kanta ta ɗauko ƙwaryar ƙwan a cinyarta, yayar kuma ta kafa doka: daga yau ƙwai ba ya shiga mota sai da mai shi.

To, kai ma akwai wadda ta goye ka, kuma na san rabonka da ƙofarta. Ba katin waya take bin ka ba, zuwa take bin ka, kuma hakkinta ne, a biya ta shi cikakke. Tun kana cikin mahaifa, da a ce kanka bai yi tattaki zuwa cikinka ba, da ba ka ci tuwo ya wuce ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: zumunta a ƙafa take.