Shirun Mai Burukutu

Ta kama shi dumu-dumu yana miƙa wa maƙwabci ƙwaryar burukutunta ta kan katanga, ko kurɓa bai yi ba.

"Au, tsoho! Kai da kullum kake damuna in jiƙa dawa, wai duk Mokolo babu giya kamar tawa?"

Ya sosa sanƙonsa. "Ba ƙarya na yi ba, tsohuwa. Cikin ne ya daina karɓa tun bara."

"To don wa nake shan hayaƙi?"

Kun dai san al'adarmu a nan kan dutse: matar da ta ɗora tukunya ba ta faɗa da kowa sai giyar ta nuna, in ba haka ba ta yi tsami. Wannan baiwar Allah kuwa, ko akuya bakinta bai ƙyale ba.

Ta cika fam, ta buɗe baki za ta wanke shi tas. Ya nuna mata murhu da leɓe. Sabuwar tukunya tana tafasa.

Ta haɗiye maganarta, ta zauna kusa da shi.

"Jira jibi," ta ce a hankali.

"Ai na riga na jiƙa wata dawar," in ji shi.