Rabin da Haraji Ya Cinye

"Rabi?" Nanjala ta saki muciya cikin tukunyar ugali, tuwon masara. "Rabin diyyar korarka daga aiki?"

Mijinta Barasa ya marairaice fuska. "Rabi cif, Maman Simiyu. Masu haraji ba su da imani."

Alhali ko sisi bai biya ba. Da kamfanin da ya kore shi ya nemi sulhu ba tare da an je kotu ba, sai ya damƙa masa kuɗinsa a dunƙule. Shi kuwa gogan ya ɓoye rabi wurin ƙaninsa a garin Bungoma, zai sayi babur kafin matarsa ta tuno kuɗin makarantar ɗansu Simiyu.

Washegari ya tarar da ita tana ta fara'a, har kaza ta soya masa.

"Baban Simiyu, yau na tsaya maka! Na je ofishin haraji na wanke su tas. Na ce su dawo wa mijina da rabinsa."

Barasa ya saki cinyar kazar cikin faranti. "Suka ce me?"

"Ashe mutanen kirki ne, har shayi suka ba ni. Wai ba su taɓa jin labarin diyyar ba, sai na ba su sunanka da lambarka. Gobe da kansu za su zo."