Kwalbar da ke jikin tayar keke

Muna aji biyar a wata firamare da ke Ƙofar Guga, malamin kimiyyarmu ya ce an taɓa kai tsutsa sararin samaniya, inda abu ba shi da nauyi, don a ga ko za ta zama malam-buɗe-littafi. Mu ina muka ga kumbo? Sai ya samo tsutsar lemun tsami da ta riga ta rufe kanta cikin ɓawo, ya manna ta a kwalba, ya kifa kekensa, ya ɗaure kwalbar a jikin taya. Bi da bi muke juya tayar, don kada tsutsar ta gane inda ƙasa take.

Wata Laraba bayan azahar, ina cikin juyi, ɓawon ya tsage. Abin da ya fito a jiƙe yake, fukafukansa a cukurkuɗe kamar takardar da aka tauna. Malam ya tsai da tayar, ya buɗe murfin. Malam-buɗe-littafin bai tashi ba. Ya yi rigingine yana ta lalube da ƙafafu. Ba ka jin komai a ajin sai ƙas-ƙas ɗin ƙafafunsa a jikin kwalba.

Na ce, "Malam, bai da lafiya ne?"

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "Ƙasa yake nema. Mu muka ɓoye mashi ita."

Har yau, in ɗana ya ce in ɗaga shi in wulwula shi a iska, sai wannan ƙas-ƙas ɗin ya dawo kunnena, in yi maza in dire shi.