Ranar da Jirgi Ke Shan Mai

Tun da tafkin Chadi ya dawo ya haɗiye tsohuwar Baga, doka ɗaya kowa ya haddace: ranar da jirgin ruwa zai sha mai, ba a hura wuta a sabon garin, kuma na cikin jirgi ba ya taka ƙasa.

Shi ya sa Dije ta tsame ɗanwakenta kafin jiniya ta yi kuka, ta kwara wa murhu ruwa, ta naɗe akushi da zani, ta rungume shi har bakin tasha.

"Inna, awarwaronki," in ji mai gadi. "Ƙarfe ba ya wucewa."

Ta cire ta miƙa masa. A bayansa takalman ma'aikata ne jere, don ba a riƙe tiyon mai da takalmi a ƙafa. Wasu har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, masu su ba su dawo ɗauka ba. Ta kawar da kai.

Can sama a kan jirgi ta hango autanta Barau, wanda rabonta da dafa kansa tun bai fara gemu ba, don jirgin ba ya zuwa garin sai ranar shan mai. Ya zuro kwando da igiya, amma kafin a ba ta izinin matsawa, akushin ya huce.

"Inna, da zafinsa!" ya ƙwala mata, yana fifita baki.

"Ja'iri, maƙaryaci!" ta ce, tana dariya tana share ido.

Cikin gari yara na kukan yunwa, kowa ya ƙosa a zare tiyo a hura wuta. Dije kaɗai ke roƙon Allah kada cikin jirgin nan ya cika da wuri.