Ƙwayoyin da Suka Ƙi Tashi

Da safe Dakta ta ciro farantin daga akwatin ɗumi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Shiru. Ƙwayoyin halittar na kwance shame-shame, kamar waɗanda suka ci suka ƙoshi.

Aikinta shi ne ta ɗauki ƙwayoyin fatar mutum, ta lallaɓa su har su rikiɗe su zama na tsokar zuciya, su riƙa harbawa a faranti. Na yaran da suka gaji ciwon zuciya tuni suka rikiɗe. Na lafiyayyen mutumin da za a gwada su da shi ne suka ƙi motsi, kuma in babu su, duk binciken ya tashi a banza.

Farfesa, shugaban sashen, ya ce a zubar da su a nemo wasu. Ta san samun wasu zai ci watanni, ga masu duba aikin sun kusa zuwa. Ta roƙi alfarmar mako guda.

A gida ta ba maigidanta labari. Yana miƙe a kujera, da makunnin talabijin a kan tumbi, ya yi dariya har da tari.

"Uwargida, ai gado ne. Duk mai ƙwayoyin nan rago ne tun daga tushe. Matarsa nake tausaya wa."

Ta ce ita ma haka, ta kwashe kofunan da ya tara a gefen kujera.

Washegari ta sauya salo. Ta daina fito da farantin da sassafe, ta daina yawan leƙe. Ta ƙara musu abinci, ta ɗan ƙara sukari a ruwan renonsu, ta bar su su yi abu a lokacin da suka ga dama. Abokan aiki suka ce ta fara shagwaɓa faranti.

Ana gobe wa'adi zai cika, wajen azahar, gefen farantin ya motsa. Can sai tsakiya ta amsa. Kafin Farfesa ya gama saka tabarau, duk farantin na harbawa dif-dif, a natse, ba gaggawa.

Ya tambaye ta a wane littafi ta samo wannan dabara.

"Ba littafi, ranka ya daɗe," ta ce tana wanke hannu. "Mai ƙwayoyin ya ba da fatar tun yana neman aurena, har ya manta. Ni ce nake fama da tashinsa kullum da safe."